Zoben nan mai juyawa a fuskar waya, dan Allah a sa masa baki

Assalamu alaikum Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da nasan da yawa za su ce bai kai a rubuto wa jarida a kansa ba, ga tsadar abinci ga matsalar tsaro ga rashin wuta, amma ni dai a wajena ya kai, tunda da idona na ga ya sa dattijo mai shekara sittin da ɗoriya yana sharce gumi a tsakiyar kasuwa cikin sanyin hunturu. Ina nufin ɗan zoben nan da yake fitowa a fuskar waya yana ta juyi kamar katantanwa duk sanda ka danna wani abu a manhaja, wanda yaranmu suke cewa yana lodin.

Ni malamin kwamfuta ne a nan Gombe, ina da ɗan shago a Jekadafari ina koya wa matasa, kuma nakan haɗa wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji na lissafin kaya da bashi. Saboda haka zoben nan na san shi ta ciki na san shi ta waje, da hannuna na sha saka shi a cikin aiki.

Bara bayan kaka na raka kawuna kasuwar hatsi ta Gombe, wato Tudun Hatsi. Sana'arsa kenan tun ina yaro, yana sayen wake da masara a hannun masu kawowa daga wajen Dukku da Nafada da Kwami, ya tara ya yi lodi zuwa kudu. Ranar ya yi cinikin wake buhu shida da wani bawan Allah, aka sallama a kan dubu ɗari biyar da wani abu, kuma tunda yanzu ba mai yawo da irin wannan kuɗi a aljihu sai ya ciro waya zai yi transfa. Ya sa lambar akawun, sunan mutumin ya fito daidai, ya sa fin ɗinsa ya danna. Zobe ya kama juyi. Minti ɗaya, minti biyu, 'yan dako sun riga sun ɗora buhu biyu a kura suna tsaye suna jira, mai waken sai leƙa tasa wayar yake yi ba alat, ga shi yana so ya samu motar garinsu kafin la'asar. Kawu ya juyo ya ce min, ɗan nan kai da ka san kan abin nan, ya tafi ne ko bai tafi ba? Na karɓi wayar na duba, wallahi Edita babu ko kalma ɗaya a kanta, zoben ne kawai yana ta kewayawa. Na ce Kawu a ɗan ƙara haƙuri. Ya yi haƙurin har minti bakwai, to amma ka san kasuwa, mutane sun fara taruwa, wani daga gefe ya ce ai haka wasu suke yi su nuna maka waya tana juyi su tafi da kaya, kuma mutumin da ya shekara talatin a kasuwar nan ba a taɓa jin kansa da kowa ba maganar ta soke shi. Ya rufe manhajar ya sake buɗewa ya sake turawa. Na biyun ya shiga nan take, aka ɗebi wake aka rabu lafiya.

Sai bayan magariba saƙo ya shigo, an cire masa sau biyu. Na farkon ya bar akawun ɗinsa amma bai isa wajen mai wake ba, ya maƙale a tsakani. Kwana tara aka yi kafin kuɗin su dawo, sau uku yana zuwa banki yana bin layi yana cike fom, kuma a kwana taran nan ne wake yake da araha, lokacin da ɗan kasuwa yake so jarinsa ya kasance a hannunsa. Ba a sace masa ko kwabo ba, amma ya yi asara.

Nasan wani zai ce laifin Kawu ne da ya sake turawa. To ni tambayata, me aka gaya masa? Mutum ya danƙa maka amanar rabin miliyan, abin da ka iya mayar masa kawai zane ne mai juyi.

Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, zoben nan bai san komai ba. Alamomin jira a manhaja iri biyu ne, haka ma kamfanin Google ya raba su a tsarin zanen manhajojinsa na Material Design da ya fitar a 2014. Akwai mai nuna inda aka kwana, kamar idan kana sauke bidiyo ka ga layi yana cika ana rubuta maka kashi 30, kashi 65, wannan yana haɗe da aikin da gaske, domin wayar ta san girman fayil ɗin kuma ta san nawa ya shigo. Sai kuma na biyun, zoben da ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Shi wannan zane ne mai motsi da wayarka take juya shi da kanta a cikinta, ba banki ne yake juya shi ba, ba intanet ba ce. Mai haɗa manhaja yana rubuta umarni ne cewa da an danna a fara juyi, idan amsa ta zo a tsaya. Idan amsa ba ta zo ba fa? Idan bai sa wa abin wa'adi ba, haka zai yi ta yi. Duk mai shakka ya gwada, ya danna wani abu a manhaja, kafin ya buɗe ya yi sauri ya kashe data, a manhajoji da yawa zai ga zoben ya ci gaba da juyinsa kamar ba abin da ya faru, alhali hanya ta riga ta yanke. Amma mu idonmu idan ya ga motsi sai zuciya ta ce ana aiki. Gafara sa ake ta yi mana, ƙaho kuwa babu.

Kuma dubi doguwar hanyar da transfa ɗaya take bi. Daga waya zuwa ƙarfen sabis, daga nan zuwa saba ɗin bankinka wato babbar kwamfutarsu, idan banki daban za a tura wa sai ta bi ta NIBSS, cibiyar da take haɗa bankuna, wadda ta fara tsarin turawa nan take a 2011, daga nan ta je bankin mai karɓa, sannan amsa ta biyo sawu ta dawo har wayarka. A ko'ina a hanyar nan abu zai iya tsayawa. Yana yiwuwa saƙon bai ma bar wayarka ba saboda sabis ya ɗauke, a nan sake turawa shi ne daidai. Yana yiwuwa ya je, kuɗi sun shiga wajen mutumin, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Yana yiwuwa kuma an cire amma bankin can bai amsa ba, irin na Kawu. A biyun ƙarshen nan sake turawa ɓarna ce. Hali uku mabambanta, a ɗaya a ce maka sake, a biyu a ce kul, amma duk ukun fuska ɗaya ake nuna maka.

Ba wai ina cewa alamar jira ba ta da amfani ba, a'a. Waɗanda suka fara taɓa kwamfuta da wuri za su tuna ɗan gilashin yashin nan na Windows, wanda sai a Windows Vista ne aka canza shi da shuɗin zobe, da kuma harafin N na manhajar shiga intanet ta Netscape da ta fito a 1994 da yake motsi a kusurwa idan shafi yana buɗewa. An yi su ne domin kada mutum ya zaci na'urar ta sandare. Tun a 1985 wani ɗalibi a Jami'ar Toronto ta Kanada mai suna Brad Myers ya yi gwaji da 'yan uwansa ɗalibai, ya ba su aiki a kwamfuta wani lokaci da layi mai nuna inda aka kai wani lokaci babu, kashi 86 cikin ɗari suka ce sun fi son mai layin. Amma a lura da kyau, abin da ya gwada mai nuna kashi nawa aka yi ne, ba zobe marar baki ba.

Akwai kuma ma'aunin da duk mai koyon wannan sana'a ake karanta masa, wanda wani masani Jakob Nielsen ya yaɗa a 1993. Idan abu ya amsa a cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan mutum yana jin kamar nan take ne. Zuwa sakan 1 ya lura amma tunaninsa bai katse ba. Sakan 10 kuwa shi ne iyakar da hankalin mutum yake iya tsayawa a kan abu, duk jiran da zai wuce haka sai a nuna masa inda aka kai kuma a ba shi hanyar fasawa. Sakan goma fa Edita. Yanzu a faɗa min, a Bajoga ko Deba ko ma nan cikin gari da daddare idan kowa ya hau netwok, sau nawa abu yake buɗewa ƙasa da sakan goma? Zoben an yi shi ne domin jiran sakan biyu zuwa uku, mu kuma ana barinmu da shi minti bakwai. Kamar a ba ka kujerar tsuguno ne a ce ka kwana a kai.

Wani abin da yake ƙara damuna, ilimin da aka tara a kan jira ya fi karkata wajen kwantar wa mutum da hankali a kan gaya masa gaskiya. A 2010 Chris Harrison da abokan aikinsa a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun gano cewa idan aka sa wa layin lodin wasu ratsi-ratsi masu gudu baya suna rage sauri, mutane suna jin kamar ya fi sauri da kashi 11 cikin ɗari, alhali lokacin ɗaya ne. A 2011 kuma Ryan Buell da Michael Norton na makarantar kasuwanci ta Harvard suka nuna cewa a shafin neman tikitin jirgi, idan ana nuna wa mutum aikin da ake yi masa, yanzu ana duba wannan kamfani yanzu ana duba wancan, yakan fi yaba shafin ko da ya jira, wani lokaci ma fiye da shafin da ya ba shi amsa nan take. Ni darasin da na ɗauka a nan shi ne ɗan Adam yana so a yi masa bayani. Wasu kamfanoni kuwa darasin da suka ɗauka shi ne a ƙirƙiri jiran ƙarya da layin ƙarya domin a ga kamar ana wahala a kanka.

Mu nan ai mun san wannan tun kafin waya. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya ji ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya, ka shiga ka zauna ka biya, sai ka ga biyu daga cikin waɗanda ka tarar a ciki sun sulale sun fita ashe zaman cika ido suke yi, ya san yadda layin da ya tsaya a kashi 99 yake. Haka tela ana gobe jajibere, ka je ya ce maka ana kai, ka dawo ya ce ana kai. Ana kai ɗin nan ita ce zobe. Telan da ya ce maka Alhaji gaskiya an yanka amma ba a haɗa ba, ka dawo jibi bayan la'asar, ko ranka ya ɓaci ka san abin da za ka yi da kwanakinka, kuma shi za ka koma wa baɗi.

Sai kuma sabon yayi, wanda za ka buɗe Facebook ko YouTube ka ga akwatuna da layuka masu ruwan toka a inda hoto da rubutu za su fito, wani haske yana ɗan wucewa ta kansu. Masu sana'ar suna ce masa ƙwarangwal. Wani mai zanen manhaja Luke Wroblewski ya yi rubutu a kansa a 2013, ya ce a manhajarsu mai suna Polar da suka saka zobe sai mutane suka fara ƙorafin jira ya yi yawa, domin zoben yana sa ka kalli agogo, sai suka koma nuna siffar shafin tukuna abubuwa su riƙa cika a hankali. Dabara ce mai kyau, ni ma ina koya wa ɗalibaina ita, a shafin labarai ko hotuna ta fi zobe nesa ba kusa ba. Amma ita ma da sharaɗin naman zai zo ya rufe ƙashin. A netwok irin namu sau da yawa ƙwarangwal ɗin kake zama kana kallo, kuma a wajen kuɗi ba ta da wani amfani, domin mai transfa ba siffar shafi yake nema ba, so yake ya ji ina kuɗinsa suke.

Bari in gyara wata fahimta a nan, domin kullum sai an tambaye ni a shago. Mutane suna cewa zoben yana shan data. Juyin kansa ba ya shan data, a cikin wayar yake. Abin da yake cinye data shi ne abin da zoben yake sa mu yi, ka gaji ka rufe ka sake buɗewa, ka ja shafi ƙasa ka saki ya sake lodi, duk abin da ya riga ya sauko rabi ya zube a faro daga farko, sau uku sau huɗu. Kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa ya san yadda data ta koma. Abin da juyin yake ci shi ne batir da ƙarfin waya, musamman yanzu da aka bar zobe mai sauƙi aka koma ƙawa. Tun da kamfanin Airbnb ya saki wata fasaha mai suna Lottie a 2017 saka zane mai motsi a manhaja ya zama abu mai sauƙi, kowa sai ya sa tambarinsa yana tsalle yana narkewa yana sake haɗuwa. A babbar wayar mai zanen abin gwanin sha'awa. A ƙaramar wayar da ƙanwata take sayar da turaren wuta da ita, mai ram 2 wato marar ƙarfi sosai, wadda hotunan kaya suka riga suka cika, zanen kansa sai ya riƙa sarƙewa, wayar ta yi zafi, ga wuta sai an kai shagon caji an biya. A ganina duk sa'o'in da aka ɓata wajen sa tambari rawa, da an ɓata su wajen rubuta jimla ɗaya mai ma'ana da ya fi mana.

Ba zan manta farkon 2023 ba lokacin canjin kuɗi, daga Janairu zuwa Maris, da takardar naira ta ɓace aka tura kowa kan transfa, har mai shayi da mai lemu da tsohuwa mai daddawa, mutanen da ba su taɓa buɗe manhajar banki ba. A lokacin ne da yawa suka fara haɗuwa da zoben nan, kuma a lokacin ne ya fi daɗewa yana juyi saboda cunkoso. Na ga mai mashin ya tsaya da fasinja a bakin titi su biyu sun sunkuya a kan waya ɗaya saboda naira ɗari biyu. Haka ranar 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, irin su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, harkar bankuna da intanet ta rikice a ƙasashen yammacin Afirka da dama har da mu. Matsala tana can ƙasan teku, gyaranta sai an turo jirgin ruwa, amma mutum a Kumo yana riƙe da waya yana kallon zobe iri ɗaya sak da wanda yake gani idan jiran sakan biyu ne, yana ta ɗaga wayar sama yana canza wajen tsayuwa.

Kuma kada a ce abin ba ya yiwuwa, domin misalin yana aljihun kowa. WhatsApp. Ka tura saƙo ka ga ɗan agogo, ka san bai bar wayarka ba. Maki ɗaya, ya bar wayarka ya isa wajensu. Maki biyu, ya shiga wayar mutumin. Ya koma shuɗi, wanda suka ƙaro a 2014, ya buɗe ya gani. Gwaggona ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya amma idan ta tura wa 'yarta murya za ta ce maka ai ɗaya ne bai je ba tukuna, ko ta ce ya yi shuɗi ta ji ta ƙi amsawa ne. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Kowace alama tana faɗin wani abu na gaskiya da ya faru a hanya, shi ya sa ba ka taɓa ganin mutum ya tura saƙo ɗaya sau biyar domin tsoro. To idan za a iya yi wa ina kwana wannan gata, me ya hana a yi wa kuɗin wake?

Roƙona ga bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi na waya da ma hukumomin da suke sa yaranmu rajista ta intanet, ba wani abu mai tsada ba ne. A sa wa zoben baki. Da an danna a rubuta ana haɗawa da banki, in an wuce nan a rubuta an cire kuɗin ana jiran bankin mai karɓa, in sakan goma ya wuce a fito fili a ce netwok yana da nauyi kada ka sake turawa, in kuma wa'adi ya cika a tsayar da juyin a gaya wa mutum matsayin da aka tsaya, a ba shi lambar shaida da zai nuna wa mai kaya ko ya kai banki. Kuma idan mutum ya dawo zai tura kuɗi iri ɗaya zuwa akawun ɗaya a cikin 'yan mintuna, a tare shi da tambaya, ka tura wa wannan mutumin irin wannan kuɗi ɗazu kuma suna hanya, ka tabbata kana so ka ƙara? Wannan tambayar kaɗai da ta tsare wa Kawu kwana tara. A rubuta da Hausa ga wanda ya zaɓi Hausa, Hausar kasuwa ba fassarar inji ba. A kuma tuna da makafi, akwai su da yawa da suke amfani da TalkBack wayar tana karanta musu abin da ke sikirin, su zoben da ba a sa masa bayani ba shiru ne kawai a kunnensu.

Sannan a zo a gwada a inda muke. A 2015 Facebook sun fito da wani tsari da ma'aikatansu suke iya mayar da intanet ɗinsu ya koma saurin 2G na awa ɗaya ranar Talata, domin su ɗanɗana abin da mutanen ƙasashe irin namu suke sha, a shekarar ce kuma suka fitar da Facebook Lite. Kamfanin da yake Amurka kenan. Namu da suke Legas da Abuja ai mota kawai za su hau. Su sayi waya mai araha ta hannu, su je kasuwar ƙauye ranar da take ci da tsakar rana, su yi transfa goma, jiki magayi.

Ƙannena masu koyon haɗa manhaja, na Jami'ar Jihar Gombe da na Kashere da na ATBU a Bauchi da waɗanda suka shiga shirin koyar da fasahar zamani na gwamnatin tarayya wato 3MTT, ku kam ba ku da uzuri domin ku a cikin matsalar kuka tashi. Abin da nake gaya wa nawa ɗaliban shi ne, duk wanda ya kawo min aiki, kafin in duba kalar da ya zaɓa sai na kashe data a tsakiyar lodi na ga me manhajarsa za ta ce. Idan ta ci gaba da juyi ta yi shiru aikin bai gamu ba, ya koma. Kayan aikin da muke amfani da su ma suna da wajen rage saurin netwok da gangan domin gwaji, kyauta ne, dannawa kawai ake yi.

Kafin a gyara kuma, 'yan uwa masu karatu, idan zobe ya daɗe a kan transfa kada a sake turawa sai an duba. A ɗauki hoton sikirin ɗin da lokacin a jiki, a fita a duba balas da tarihin abin da aka tura, in manhajar ta ƙi a duba ta lambar banki da ake dannawa mai tauraro, wadda ba ta buƙatar data. Mai kaya shi ma ya duba nasa balas ɗin kada ya tsaya jiran alat, domin alat yakan makara. A wajen masu POS a karɓi risit ko da an ce bai yi ba, kuma a sani tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce matsalar cinikin POS da na intanet da ya faɗi a warware ta cikin sa'o'i 72, haƙƙinka ne ba alfarma ba. Masu kaya kuma dan Allah a riƙa yi wa juna uzuri, mutumin da wayarsa take juyi ba lallai macuci ba ne, a ba shi benci ya zauna.

Edita, in da hali ku turo wakilinku na Gombe ya shiga Tudun Hatsi da hantsi idan kaka ta yi, ya tsaya wajen masu awo da agogo a hannu ya ƙirga minti nawa mutane suke yi suna kallon zoben nan, ya tambaye su nawa ne kuɗinsu suka taɓa maƙalewa kuma kwana nawa suka yi kafin su dawo, sannan ya ɗauki amsar ya kai wa bankunan ya ji ta bakinsu. Kawu ya ce in ya zo ya neme shi, har yanzu fom ɗin da ya cike da saƙonnin cirewar guda biyu suna nan ya adana.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu kullum,
daga Jekadafari, Gombe.